Kisan Ɗauki-Ɗai-Ɗai: Zaton Jama'a da Abin da Bincike Ya Nuna

Gabatarwa

Akwai wani irin mai kisan kai wanda masana ilmin laifuffuka suka keɓe shi daban, suka shafe kusan shekara 50 suna nazarin halayensa, amma har yau ba mu tsayar masa da suna guda a Hausa ba. Shi ne mutumin da zai kashe wani a ɓoye, ya koma gida ya ci tuwo, gari ya waye ya fita sana'arsa kamar kowa, sa'an nan bayan mako ko wata ko shekara ya sake kashe wani. Idan aka saurari gidajen rediyo, wannan ya ce makashi, wancan ya ce mai kisan gilla, wani kuma ya bar kalmar Turanci yadda take. Tun da yake aikinmu ne a wannan sashe mu raɗa wa abu suna, ya kamata mu soma daga nan, domin abin da ba shi da suna wuyar gani gare shi. Manufata a wannan maƙala ita ce in kawo kurakuran da muke yi game da irin wannan mutum, in kuma nuna cewa a yanki irin namu na Maikujera da Rabah da Wurno da Goronyo, waɗannan kurakurai suna iya jawo asarar rai.

Batun suna

Hausa ba ta da talaucin kalmomin kisa. Kisan kiyashi shi ne a hallaka jama'a da yawa a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya. Kisan ƙare dangi shi ne a nufi wata al'umma da niyyar shafe ta. Kisan gilla kuwa asalinsa kalmar Larabci ce ta fiƙihu, wato a yaudari mutum, a ja shi inda ba mai cetonsa, a kashe shi. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani a zaure ya san cewa a mazhabar Malikiyya wannan kisa ba a yafe shi, ko da dangin mamaci sun so yafewa. Kalmar gilla ta kama rabin abin da muke nufi, wato yaudara da ɓoyo, amma ba ta kama maimaitawa ba. Saboda haka ina ganin abin da ya fi dacewa shi ne "kisan ɗauki-ɗai-ɗai", mai yinsa kuma "mai kisan ɗauki-ɗai-ɗai". Bahaushe ya riga ya san wannan lafazi daga yadda shirwa ke yi wa 'yan tsaki, yau ɗaya, gobe ɗaya, har uwar kaza ta waiwaya ta ga saura biyu.

Wannan suna ya yi daidai da ma'anar da masana suka amince da ita. A shekarar 2005 hukumar binciken manyan laifuffuka ta Amurka, wato FBI, ta tara 'yan sanda da likitocin ƙwaƙwalwa da lauyoyi da malaman jami'a a birnin San Antonio, aka kuma buga sakamakon taron a 2008. Abin da suka tsayar shi ne, mutum guda ko waɗansu mutane su kashe mutum biyu ko fiye, a lokuta daban-daban. Sun kuma ƙiyasta cewa irin wannan kisa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na dukan kisan kai da ake yi a ƙasarsu a shekara ba. Ke nan abu ne da bai cika aukuwa ba, amma idan ya auku ɓarnarsa kan daɗe, domin sau da yawa ba a ma san ana yinsa ba.

Bambancinsa da ɗan bindiga

Na san mai karatu daga gabashin Sakkwato zai ce, ana ta kai wa yake ta kaya? Mu da muka ga abin da ya faru a Tabanni ta gundumar Gandi a watan Yuli na 2018, inda aka kashe fiye da mutum 30, muka kuma ga harin kasuwar Goronyo na ranar Lahadi 17 ga Oktoba, 2021, inda fiye da mutum 40 suka rasu, me zai sa mu tsaya batun mai kashe mutum ɗaya-ɗaya? Tambaya ce mai nauyi, kuma ban raina ta ba. Amma akwai bambanci. Ɗan bindiga ba ɓuya yake yi ba. Da rana yake zuwa a kan babura, sunayen jagororinsa irin su Bello Turji ba wanda bai ji su ba, matsalar hukuma da shi ita ce ƙarfin da za ta murƙushe shi. Shi kuwa mai kisan ɗauki-ɗai-ɗai matsalarsa ta ganewa ce. Ɗan sanda ɗaya ya isa ya kama shi, in dai an gane akwai shi. Kuma kamar yadda zan nuna a gaba, ƙasar da kisan fili ya yi yawa ita ce ta fi daɗin ɓuya ga mai kisan ɓoye.

Kuskure na farko: wai abin Turawa ne

Mafi yawanmu a fina-finan Amurka muka fara cin karo da wannan mutum, don haka muka ɗauka ciwo ne na Bature, wanda ke kama mutanen da suka rabu da dangi da addini. Hukumomin tsohuwar Tarayyar Sobiyat ma haka suka riƙa nunawa, cewa wannan cuta ce ta ƙasashen jari-hujja. Ana cikin haka Andrei Chikatilo, tsohon malamin makaranta mai mata da 'ya'ya biyu, ya shafe shekara 12, daga 1978 zuwa 1990, yana kashe mata da yara a yankin Rostov. A 1992 kotu ta same shi da laifin kashe mutum 52.

A nahiyarmu, Moses Sithole na Afirka ta Kudu ya riƙa yaudarar mata masu neman aiki, yana ce musu zai sama musu aiki a wata ƙungiyar taimako da ya ƙirƙira, ya ja su wajen gari ya shaƙe su. A watan Disamba na 1997 aka same shi da laifin kashe mutum 38, aka yanke masa ɗaurin shekara 2,410. A nan gida Nijeriya kuwa, a tsakiyar 2019 aka riƙa tsintar gawarwakin 'yan mata a ɗakunan otal-otal na Fatakwal, an shaƙe su, an ɗaure su da farin ƙyalle. Sai da matan garin suka fito zanga-zanga. A watan Satumba na shekarar aka kama Gracious David-West bayan na'urar ɗaukar hoto ta wani otal ta nuna fuskarsa, kuma a watan Oktoba na 2020 babbar kotun jihar Ribas ta yanke masa hukuncin kisa saboda kashe mata 9. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ba wata al'umma da Allah ya ba takardar kuɓuta daga wannan, abin da ya bambanta ƙasashe shi ne, waɗansu suna rubuta mamatansu suna bincike, waɗansu ba sa yi.

Kuskure na biyu: wai da ganinsa za a gane shi

Tun muna yara tatsuniya ta koya mana siffar mugu: Dodo mai gashi da jajayen idanu, ko Kura mai baƙin baki. Da muka girma sai muka mai da wannan siffa kan baƙo, da mahaukaci mai yawo a kasuwa, da tsohuwar da ba ta da kowa. Bincike bai goyi bayan wannan zato ba. Dennis Rader ya kashe mutum 10 a jihar Kansas tsakanin 1974 da 1991, alhali magidanci ne mai 'ya'ya biyu, ma'aikacin hukuma, har ya zama shugaban majalisar cocinsu. Gary Ridgway, wanda ya amsa laifin kashe mata 48 a 2003, ya yi kimanin shekara 30 yana fentin manyan motoci a kamfani guda. Joseph DeAngelo tsohon ɗan sanda ne. Harold Shipman kuwa likita ne a garin Hyde na Ingila, wanda tsofaffi ke yabo saboda yana zuwa duba su har gida. Allurar da yake yi musu ce ke kashe su. A watan Janairu na 2000 aka same shi da laifin kashe 15, amma kwamitin bincike na gwamnati ya gano 215 a 2002, daga baya ya ƙiyasta sun kai 250. Wannan shi ne Musa a baki, Fir'auna a zuci.

Kada a ce duk misalan nan na nesa ne. A watan Yuni na 2020 'yan sanda a jihar Kano suka ba da sanarwar kama wani mutum a Kwanar Ɗangora, wanda suka ce ya amsa yi wa mata 40 fyaɗe cikin shekara guda, daga yarinya 'yar shekara 10 har tsohuwa 'yar shekara 80. Mutanen garin suna kiransa Mai Siket. Laifin da aka zarge shi da shi ba kisa ba ne, amma tsarin iri ɗaya ne: gari guda, laifi guda ana ta maimaitawa, kunya ta rufe bakin waɗanda aka cuta, jama'a na kwana da tsoro. Kuma ba wani gwanin bincike ne ya gano shi ba, wata uwa ce ta same shi a ɗakin 'ya'yanta, ta yi kururuwa, maƙwabta suka bi shi.

Kuskure na uku: wai mahaukaci ne, ko kuwa gwani

Nan jama'a suka rabu biyu, kuma duka ɓangarorin sun kauce. Masu cewa mahaukaci ne sun manta cewa mai taɓin hankali na sosai ba ya iya zaɓen wuri da lokaci, ya ɓoye gawa, ya share sawu, ya yi shekaru yana yi wa matarsa ƙarya. Mafi yawan waɗanda aka gurfanar, kotuna sun same su da hankalinsu, sun san abin da suke yi haramun ne. Abin da likitoci suka fi gani a tare da su shi ne bushewar zuciya, da rashin jin ciwon wani, da iya yaudara. Jingina wannan laifi ga masu taɓin hankali zalunci ne a kan bayin Allah waɗanda su aka fi cuta, ba su suka fi cutarwa ba.

Masu cewa gwani ne mai basirar da ta fi ta 'yan sanda, su kuma fim ne ya ruɗe su. Peter Sutcliffe, direban babbar mota da ya kashe mata 13 a arewacin Ingila tsakanin 1975 da 1980, sau 9 'yan sanda suna yi masa tambayoyi suna sallamarsa, saboda takardun binciken sun yi musu yawa, wannan bai san abin da wancan ya rubuta ba. A ƙarshe, a watan Janairu na 1981, lambar mota ta jabu ce ta sa aka kama shi. Rader kuwa da hannunsa ya aika da faifan kwamfuta a 2005, wanda aka bi sawunsa har cocinsu. Shipman ya tonu ne a 1998 don ya ƙirƙiri wasiyyar ƙarya da sunan wata tsohuwa, 'yarta kuwa lauya ce. Ashe ba wayonsu ne ke tsawaita kwanansu ba, sakacin masu lura ne.

Akwai ƙananan zato biyu da suka rataya a nan. Ana cewa ba ya iya dainawa sai an kama shi, alhali DeAngelo, wanda ya amsa kashe mutum 13, ya daina tun 1986, ba a kama shi ba sai 2018, ta hanyar gwajin ƙwayoyin gado da ake kira DNA. Ana kuma cewa aikin maza ne kawai. Maza sun fi yawa nesa ba kusa ba, amma akwai mata. A birnin Meziko 'yan sanda sun daɗe suna neman namiji mai shigar mata a kan kisan tsofaffin mata, don ba su yarda mace za ta iya ba, sai a Janairun 2006 aka kama Juana Barraza, mace 'yar kokawa, wadda ke shiga gidaje da sunan ma'aikaciyar jin daɗin jama'a.

Kuskure na huɗu: wai duk tsafi ne ko maita

Wannan shi ne namu na gida. Da an tsinci gawa a bayan gari sai a ce 'yan yankan kai, da yara sun mutu a jere sai a ce maye. Ba na musun cewa ana kisa don tsafi. Abin da ya faru a otal ɗin Otokoto na Owerri a watan Satumba na 1996, inda aka fille kan wani yaro ɗan shekara 11 mai tallan gyaɗa, ya ishe mu shaida. Amma dalilan irin wannan kisa suna da yawa: akwai sha'awa, akwai kwaɗayin dukiya, akwai fushi da ƙiyayyar wani jinsi, akwai son nuna iko a kan wanda ba shi da ƙarfi. Idan muka yanke hukunci tun kafin bincike, sai mu tafi neman boka alhali mai laifin yana zaune cikin masu ta'aziyya.

Mafi muni shi ne abin da ke biyo baya. Zato yakan faɗa kan wanda ba shi da mai tsaya masa, a taru a yi masa duka, a bar jaki ana dukan taiki. Ko hukuma ba ta tsira daga wannan gaggawa ba, domin a 1983 an zartar wa wani mai suna Aleksandr Kravchenko hukuncin kisa saboda wata yarinya, daga baya Chikatilo ya ce shi ya kashe ta. Ko da an dace da mai laifin, hukuncin titi hasara ne. A Kenya, Masten Wanjala ya amsa wa 'yan sanda kashe yara fiye da 10, ya tsere daga hannunsu, jama'a suka kashe shi a Bungoma a watan Oktoba na 2021. Ya tafi da abin da ke cikinsa, ba a yi shari'a ba, iyayen yaran kuma ba su ji cikakken bayani a gaban alƙali ba.

Tsarin da ya tabbata

Idan an ture zato gefe, abin da ya fi maimaituwa a wannan fage ba a jikin mai kisan yake ba, a jikin waɗanda ake kashewa yake. Mafi yawa mutane ne da in sun ɓace ba a tayar da gari: mata masu zaman kansu, da yaran titi, da tsofaffi masu zaman kaɗaici, da baƙi 'yan neman aiki. Samuel Little ya amsa kashe mutum 93 a Amurka tsakanin 1970 da 2005, FBI ta ce a 2019 ta tabbatar da 50 daga ciki. Da yawa daga matan da ya kashe an rubuta cewa ƙwaya ce ko haɗari ya kashe su, waɗansu ko sunansu ba a sani ba. Na biyu, yawancinsu suna ɓarna ne a inda suka sani, kusa da gida ko hanyar aiki, ba a ƙasar da ba su san lungunanta ba. Na uku, shi ne abin da masanin nan Steven Egger ya bayyana tun 1984, wato makantar hukumomi wajen haɗa wannan kisa da wancan, saboda kowane ofishi yana riƙe da labarinsa shi kaɗai.

To, mu auna kanmu da wannan mudu. Su wane ne waɗanda in sun ɓace ba a tayar da gari a ƙasarmu? Almajirin da malaminsa ke zaton ya gudu gida, iyayensa kuma na zaton yana makaranta. Yarinya 'yar talla da ke bin kasuwannin mako. Ɗan ci-rani da ya tafi aikin albasa ko shinkafa a fadamun Rima, ba a sa ran ganinsa sai damina. Bazawarar da ta bar ƙauyensu bayan hari, ta sauka a Gandi ko Rabah ko cikin Sakkwato, inda ba wanda ya san asalinta. Idan ɗaya daga cikinsu ya ɓace yau, amsa a shirye take: 'yan bindiga sun ɗauke shi, ko ruwa ya ci shi. In an ga gawa, addini ya umurce mu da gaggauta sutura, kuma daidai ne, amma sau nawa ake kiran likita ya duba kafin a rufe, sau nawa ake rubutawa? Tun 1992 akwai dokar da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a ƙarƙashin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, amma mai karatu ya tambayi kansa mamata nawa a danginsa aka yi wa takarda. A irin wannan hali, duk mai mugun nufi zai iya fakewa da guzuma ya harbi karsana. Don haka mai cewa babu irin wannan a ƙasar Hausa, ya sani rashin labari ba shi ne rashin aukuwa ba.

Abin yi

Wani zai ce magani sai da na'urorin gwaji irin na Turai, mu kuwa ba mu da su. Gwajin DNA yana da amfani ƙwarai, amma misalan da na kawo sun nuna cewa matakin farko alƙalami ne da takarda. A da can, masu unguwanni da dagatai da hakimai sun ƙidaya magidanta don haraji, sun ƙidaya shanu don jangali, ba tare da kwamfuta ba. Wanda ya iya ƙidaya saniya ba zai kasa ƙidaya ɗan'adam ba. Ina ba da shawara kowane mai unguwa ya riƙe littafin waɗanda suka ɓace da gawarwakin da aka tsinta, da rana da wuri da siffa, a kai wa hakimi kowane wata, ofisoshin 'yan sanda na Rabah da Wurno da Goronyo kuma su riƙa gwada littattafan da juna. Malaman allo su riƙa kiran sunan almajiransu dare da safe, su sanar da iyaye da hukuma ran da aka rasa yaro, ba bayan wata guda ba. Gawar da aka tsinta ba a san sanadinta ba, a ɗauki hotonta, ma'aikacin lafiya ya duba ta kafin jana'iza, wannan ba zai ci yini ba. Wanda ake zargi kuma a miƙa shi da ransa.

Mu ma ɗaliban Hausa da malamanmu muna da rabonmu. Mu ne za mu shiga gidajen rediyo da jaridu, mu ne marubuta littattafai da wasanni. Mu tsayar da kalma guda mu riƙe ta. Mu daina siffanta mai kisa kamar aljani ko jarumi, mu daina tambayar me ya kai yarinya otal ko me ya fitar da ita da dare, domin wannan tambaya ita ce inuwar da mai kisa ke sha.

Kammalawa

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna a Wurno ne a matsayin ribaɗi, wato wurin tsaron iyaka, har Allah ya karɓi ransa a can a 1837. Tsaron iyaka wajibi ne, kuma yau mun fi kowa sanin haka. Amma gari ba ya tsaruwa da ganuwa kaɗai, sai an san wa ya kwana a ciki, wa kuma bai dawo ba. Ran almajiri da na ɗan sarki nauyinsu ɗaya. Ranar da muka soma neman kowane ɓatacce kamar ɗanmu na cikinmu, mai kisan ɗauki-ɗai-ɗai ya rasa abin da ya dogara a kai. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya jiƙan waɗanda muka rasa, amin.